Faifan Tamoya a Tafin Ubanta

Yayana Eustace ya kurumce, amma kar ka kuskura ka faɗa masa. Tun yana saurayi yake manne da manyan lasifikoki a wuraren rawa na Kingston, har kiɗan rege ya cinye masa kunnuwa. Yanzu sai dai ya dafa akwatin lasifika da tafinsa, ya ji bugun a hannu, ya yanke hukunci kamar alƙali.

Da 'yarsa Tamoya ta fitar da faifanta na farko, gari ya ɗauka, gidajen rediyo sai yabo. Ita kuwa ko a jikinta. Bakin ubanta take jira, shi kuma ya ƙi ko taɓa faifan.

Ranar Lahadi ta zo da shi gida. Ina dafa shinkafa da wake da madarar kwakwa, Eustace da tsofaffin abokansa suna wasan domino a tebur a gindin mangwaro.

"Na ji shi a mota," in ji Mas Lenford, abokin Eustace, yana ɗaga murya don ya ji. "Haɗe-haɗe ne kawai kamar kwaɗo! Ga gogen Turawa, ga waƙar coci, ga surutun samarin Amurka. Manya na da, ganga da jita suka riƙe, suka girgiza duniya."

"Kin ji ko?" Eustace ya ce mata. "Ni ban haifi mai kwamacala ba."

Kai, na ji kamar in kwaɗa masa ludayi! Idon yarinyar ya ciko, tausayinta ya kama ni. Amma taurin kan ubanta ta ɗauko. Ta jawo tsohon akwatinsa, ta sa waƙar ƙarshe, ta durƙusa daidai kunnensa.

"Baba, ban ce na kai su ba. Aron hannunka kawai nake so."

Ta kama hannun ta ɗora a kan akwatin. Ya ɗaure fuska, ya kau da kai. Gogen da waƙar cocin duk ba su isa gare shi ba, sai bugun nan mai kauri da ke ƙarƙashinsu. Can sai na ga yatsunsa suna motsi: bugu biyu, ɗan shiru, sai ɗaya.

Ludayin ya kusa suɓuce mini, don na san bugun nan. Lokacin da uwar Tamoya ta rasu ta bar ta jaririya, haka yake bubbuga mata baya a kafaɗarsa har ta yi barci.

"Ina kika samo wannan?" ya tambaya.

"A bayana, Baba. Sauran duk a kansa na ɗora."

Mas Lenford ya buga ƙwayar domino a tebur. "To, alƙali, ta kai na da ko ba ta kai ba?"

Eustace bai ɗauke hannunsa ba. Hawaye na bin gemunsa.

"Rufe mana baki, Lenford. Ba ka ga ina sauraren 'yata ba?"