Silifan Mamuda, Ɗaya Ja Ɗaya Kore

Akwai wasan da ba wasa ba ne, wato mutum ya mai da lalurar ɗan'uwansa abin dariya. Ukasha mahauci ya yi wannan tun yana yaro har gemunsa ya yi fari, kuma a gabana abin ya dawo masa.

Da hantsi ne, muna ɗakin maƙwabcina Mamuda a Zongon Paraku, bayan an dawo da shi daga asibiti. 'Yarsa Zinatu tana fifita kunu a bakin ƙofa. Ukasha ya kawo sabon bargo ya lulluɓa masa. Mamuda ya shafa shi da hannunsa da ya rame.

"Wane launi ne?"

"Kore ne, taubashi."

Mamuda ya juyo wajena. "Malam Usuman, kore ne?"

Na ce, "Kore ne."

"To, madalla."

Ukasha ya ja da baya. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

Ku ji yadda aka kai ga haka. Uban Ukasha kawun Mamuda ne, wan uwarsa. Ke nan taubasai ne, akwai wasa a tsakaninsu, kuma rumfar namansu ɗaya. Mamuda ba makaho ba ne. Daga nesa yake hango kaska a kunnen saniya. Shuɗi da rawaya yana ganinsu kamar kowa. Ja da kore da launin ƙasa ne kawai suke haɗe masa su zama abu guda. Haka aka haife shi. Nama kuwa da hanci da yatsa yake saninsa, kuma ba a taɓa dawo masa da shi ba.

Ukasha ya sami abin yi. Ya aike shi sayen tumatir ya haɗa baki da mai talla a zuba masa ɗanye. Ya ce masa rigarsa ta ɓaci da jini alhali fes take, Mamuda ya koma gida ya canza, 'yan rumfa suna ta ƙyaƙyatawa. Bara a ƙofar masallaci ya musanya masa silifa, ya bar masa ɗaya ja ɗaya kore, ya ɓoye sauran. Da aka gaya wa Mamuda sai ya duba ƙafarsa ya ce, "Ni dai a wajena 'yan gida ɗaya ne." Ya ci gaba da yawo da su.

Na sha ce wa Ukasha ya bari. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Malam, taubashina ne fa. In ban tsokane shi ba, wa zan tsokana?"

Farkon damina, ina can Kolokonde wajen harkar doya, suka je kara sayen shanu. Suka zaga bayan katanga kama ruwa. Da Mamuda ya tashi, Ukasha ya ga abin da ya bari a kan ƙasa.

"Mamuda, tsaya. Fitsarinka akwai jini."

Mamuda ya duba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai ya gani.

"Yau kuma da wannan ka zo?"

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Ranar riga ma wallahi ka ce. Ba abin da ke yi mini ciwo. So kake in zuba a kwalba in bi Zongo ina tambayar mutane wane launi ne? Je ka nemi wani wawan."

Ukasha ya kai maganar rumfa, ko wani zai sa baki. Suka kwashe da dariya, suka ce wannan ta fi ta silifa. Matar Mamuda ta rasu da daɗewa, shi kaɗai yake kwana yake tashi, kuma ba abin da dattijo zai nuna wa wani ba ne. Ukasha ya sake gwadawa, Mamuda ya daina zagawa tare da shi. Sai Ukasha ya yi fushi ya ce ai ya fita haƙƙinsa, ya bar maganar.

Damina ta wuce. Sai da Mamuda ya fara kasa ɗaga cinyar saniya, wandonsa yana zamewa daga ƙugu, sannan Ukasha ya shiga mota ya tafi Jugu, inda Zinatu take aure. Ita ma da farko cewa ta yi, "Baba Ukasha, don Allah ban da irin wasanku." Da ta ga hawaye a fuskarsa ta ɗauki mayafinta.

Ita ta shiga bayan gida bayan ubanta ya fito. Ta dawo ta tsayar da mai zem, wato ɗan babur, ta ce, "Baba, hau." Bai yi mata gardama ba.

A asibiti lokotoro, wato likita, ya ce ciwo ne a mafitsara, irin wanda yake fara zubar da jini ba tare da zafi ba, kuma ya riga ya bazu. Ya tambayi dalilin da ba a zo da wuri ba. Da Zinatu ta ba shi labarin idon ubanta, ya ce abin sananne ne, yana da suna a Faransanci, daltonisim. Ba aljanu ba ne, ba wauta ba. Gado ne da yake bi ta wajen uwa, ya fi kama maza, ba ya ƙaruwa, ba ya warkewa. Mai shi yana rayuwarsa lafiya in yana da wanda zai tambaya ya gaya masa gaskiya.

Wannan maganar Zinatu ta maimaita mana a ɗakin ranar bargon, idonta a kan kunu, ba ta dubi kowa ba.

Mamuda ya yi murmushi. "Ta wajen uwa kam gaskiyarsa. Ukasha, ka san Kawu ma haka yake?"

Ukasha ya ɗago. "Wane Kawun?"

"Ubanka mana. Ba ka taɓa lura fari kaɗai yake sawa ba? Ranar da ka sa aka zuba mini ɗanyen tumatir, kuna dariya, yana zaune. Da yamma ya kira ni ya ce shi ma bai ga bambanci ba. Ya ce kada in gaya maka, bakinka ba ya riƙe magana."

Ukasha ya matso kusa da shi.

"Ka yafe mini, taubashi."

"Na yafe tun tuni. Ai ka gaya mini, ni ne ban ji ba." Ya ɗan yi tari. "Amma kai ma ka yarda, ranar a kara ka iya wasan kwaikwayo. Har muryarka rawa take."

Shi kaɗai ya yi dariya.

Bai kai Juma'a ba. Bayan azahar Zinatu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Baba Usuman, zo." Na same shi ya juya gabas, bargon har wuya. Muka yi masa sutura, muka kai shi kafin magariba. Allah Ya jiƙansa.

Ukasha ya rasa ɗan gwaggonsa. Ya rasa abokin rumfa, don yanzu shi kaɗai yake rataye nama yake saukewa. Ya rasa amincin bakinsa, domin har yau in ya ce hadari ya haɗo, 'yan rumfa sai sun fita sun duba. Ubansa kuma yana ƙasa, ba halin ya je ya ba shi haƙuri.

Washegari da safe na fito shara, na gan shi tsugune a ƙofar ɗakin Mamuda da wata leda. Silifan marigayi suna nan inda ya cire su, ɗaya ja ɗaya kore, dunduniyarsu ta cinye. Ukasha ya zaro waɗanda ya ɓoye, sababbi kamar ba a taɓa takawa ba. Ya ajiye ja kusa da ja, kore kusa da kore, ya daidaita bakinsu suna duban ɗaki. Ya daɗe a wurin yana kallonsu.