Teku a Cikin Kwali

Ranar da Malam Shitu mai ɗori ya zo gidan a karo na biyu, har maƙwabta sai da suka toshe kunne. Bushra, 'yar shekara shida, ta faɗo daga kan amalanken gyaɗa a farkon kaka, ƙwaurinta na hagu ya karye. Aka ɗauko Malam Shitu daga Durba ya zo Kahu ya ɗora, ya jera tsagin gora ya naɗe da farin ƙyalle. Kwana biyar kacal ta yi a kwance. A na shida, uwarta Sa'adiya tana can wajen shanu tana tatsa, yarinya ta ja gindi ta fito har tsakar gida don ta ga maraƙin da aka haifa. Ɗori ya goce. Dole aka sake jan ƙafar aka sake ɗaurewa, Sa'adiya tana bayan ɗaki ta cusa gefen mayafinta a baki.

Da ya gama, Malam Shitu ya wanke hannu, ya dubi Iya, surukar Sa'adiya, ya ce, "Ƙashin yaro ɗanyen kara ne, yadda aka ajiye shi haka yake bushewa. In ya kuma gocewa ni na cire hannuna. Zai haɗe a karkace, ta yi ta ɗingishi har tsufanta. Sati uku, ko juyi mai ƙarfi ban yarda ba."

Iya ba ta da dogon zance. Ta ce a kafa turke biyu a cikin ɗaki, a ɗaure ƙugu da ɗaya, cinya da ɗaya, haka aka yi wa ƙanen mijinta a zamanin da, ga shi nan har gobe yana zuwa kasuwar Kibiya a ƙasa.

Sa'adiya ta durƙusa, kanta a sunkuye. "Iya, a yi mini haƙuri zuwa jibi. In na kasa, ni da kaina zan kawo igiyar."

"Jibi ai ba nisa," in ji Iya. "Allah ya kai mu."

Sa'adiya ta yi wa Bushra tatsuniya har bakinta ya bushe. Ta haɗa mata 'yar tsana ta kara, ta sayo alawa, ta yi lallashi, ta yi tsawa. Amma Bushra gyaɗa ce a kasko. In akuya ta yi kuka sai ta yunƙura, in yara suka wuce da gudu sai ta dafa ƙasa. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga tatsa, mijinta Mukhtar kuma tun da sassafe yake fita gona. Ba mai zaman gadin ƙafa yini guda.

Washegari da hantsi sai ga Dije, yayar Sa'adiya, wadda ke koyarwa a wata firamare a Rano, ta sauka daga acaɓa da leda a hannu. Bayan gaisuwa da jaje, ta ja Sa'adiya gindin bishiyar darbejiya ta zaro wani ɗan kwali mai kamar gidan sabulu babba. Gabansa akwai gilashi biyu zagayayyu, sai wajen hanci da aka yanke, sai roba ta ɗaurawa a ƙeya.

"Yaya, wannan fa? Daga Rano takanas kika ɗauko mana kwali?"

"Kwali ne mana. Ko kuɗin takalmin roba bai kai ba. Aikin na waya ne." Ta ciro wata tsohuwar wayarta mai tsagaggen gefe, ta lallatsa, ta zura ta cikin kwalin ta rufe. "Babu sim a ciki, ba abin da za ta gani sai abu uku da na zuba mata da hannuna. Muje a sa mata."

Sa'adiya ta riƙe mata hannu. "Tsaya. Waya a kan idon yarinya? Ƙafa muke nema, kada mu tashi da makanta."

"Ke dai tun kina ƙarama haka kike, ko kunu sai kin shinshina."

"Har gobe. Maganin da za a ba ta ma sai na lasa. Kawo nan."

Ta yi bisimilla ta kara kwalin a fuskarta.

Tsakar gida ta ɓace. Ba Dije, ba darbejiya, ba rana. Ruwa ne shuɗi, sama da ƙasa, gaba da baya, kuma ita tana tsakiyarsa. Ba ta san lokacin da ta ɗauke numfashi ba, ba ta san ta tattare zaninta zuwa gwiwa don kada ya jiƙe ba. Babban ruwan da ta taɓa gani a duniya shi ne na madatsar Tiga, ranar da suka je biki ta hango shi daga mota, shi kuwa yana da baki, ana ganin tsallakensa. Wannan ba shi da baki. Haske na saukowa daga sama zare-zare, kamar yadda yake shigowa ta ɓular rufin ciyawa. Kifaye ƙanana, ruwan ƙwai da ratsin baƙi, suka zo a garke, ɗaruruwa, suka juya gaba ɗaya lokaci guda ba tare da makiyayi ba. Ta dubi ƙasa don ta ga ƙafafunta, ba ta gan su ba, sai wasu duwatsu masu rassa, ja da fari, kamar an shuka su. Ta waiwaya baya, ashe can ma duniya ce.

Sai wuri ya yi duhu kaɗan. Ta ɗaga kai. Wani abu ne ke wucewa a samanta a hankali, cikinsa fari mai layi-layi, ya fi tirelar siminti tsawo, ya ƙi ƙarewa. Da idonsa ya zo daidai da ita, ƙaramin ido mai natsuwa irin na tsohuwar saniya, sai ta ja da baya. Tun tana makarantar allo take jin labarin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, kullum kuma a ranta tarwaɗa ce ƙatuwa take gani. Ashe ba ta san girman abin da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ruwa ba.

"Subhanallahi," take ta faɗa. "Subhanallahi."

Dije ce ta zare mata kwalin, tana dariya har da hawaye. Sa'adiya ta ga kanta can kusa da rumbu, taku biyar daga inda ta fara, zani a tattare, ƙwaryar nono a kife, kaji sun taru a kai.

Ta daɗe tana kallon nonon da ya zube. Sannan ta ce, "Yaya, mayar da shi leda."

"Kamar yaya?"

"Dubi inda ya kawo ni, ni babba. Abin da ke juya mutum kamar waina shi zan ɗora wa mai karaya?"

Dije ba ta yi wannan tunanin ba. Daga ɗaki suka ji muryar Iya: "Ke, kwanta! Wallahi gobe turke!"

Sa'adiya ta miƙe. Ta ɗauki kwalin ta shiga ɗakinta ita kaɗai, ta kwanta rigingine ta gwada, ta jingina da bango ta gwada, ta lura da inda jiki ke son zabura. Ta fito ta ce a jingine ya fi, da matashi biyu a gefe, kuma ita za ta riƙe gwiwar da hannu biyu. In ƙafar ta motsa sau ɗaya, magana ta ƙare.

Aka jingina Bushra. Dije ta zaɓi na biyu, mai kunkurun ruwa, ta ɗaura mata robar.

Da farko Sa'adiya ta ji naman cinyar ya zabura a ƙarƙashin tafinta, ta danne. Bushra ta saki ƙara. "Umma! Ruwa ya cinye ɗakin! Iya, kina ina? Ruwa ya tafi da tsohuwa!"

"Ruwa ya tafi da ke dai, ja'ira," in ji Iya daga bakin ƙofa.

"Ga wani nan! Kunkuru ne, yana tashi kamar shaho! Zo nan, zo!" Ta kai hannu biyu za ta cafko, kafaɗarta ta bar bango, Sa'adiya ta sa goshi ta tokare mata ƙirji. Sai yarinya ta yi sanyi. "Ya tafi," ta ce. "Na kore shi."

Sa'adiya ta riga ta ɗaga hannu za ta cire kwalin, amma Bushra ta ce, a hankali, da wata murya da uwar ba ta san ta da ita ba, "Inna Dije, a sake kira mini shi. Ba zan kuma ba."

Dije ta dubi ƙanwarta. Sa'adiya ta gyaɗa kai. Aka mayar da shi farko.

A wannan karon cinyar ta yi laushi a hannun Sa'adiya. Bushra ta haɗe hannuwanta a ciki, ta rage numfashi, ko yatsa ba ta ɗaga ba. Kanta kawai ke bin wani abu sannu-sannu, daga hagu zuwa dama. Iya ta buɗe baki za ta yi magana, yarinya ta ce cikin raɗa, "Ku yi shiru mana. Ga shi nan a gabana. Yana kallona. Akwai wani ɗan kifi a maƙale a bayansa, ɗazu ban gan shi ba."

Da aka cire mata, idonta ya yi wasai. "Kun gani? Da na tsaya ai ya daɗe."

Dije, malamar makaranta, ta gyara zama. "A'a Bushra, ai shi wannan hoto ne, ko kin..."

Sa'adiya ta mintsine ta a cinya, ta tambayi 'yarta, "Wa ya koya miki haka?"

"Iya mana. Ta ce maraƙi mai tsoro ba a bin sa. Tsugunawa ake a yi kamar dutse, shi zai zo da kansa ya shinshina mutum."

Iya ta kawar da kai, tana gyara ɗankwali. "Oho. Ashe kunnen yana ji."

A waje Dije ta ce, "Kin san dai ko rawa take yi, kunkurun nan haka zai zo ya wuce."

"Na sani, Yaya. Ni ban ce mata komai ba, kuma ranar da aka kwance ƙafar zan zaunar da ita in faɗa mata yadda abin yake. Amma ki ce mini, ɗan kifin da ke bayansa, ke kin taɓa ganinsa?"

Dije ta yi tunani. "Sau nawa na kalla, ban lura ba."

"To."

Sa'adiya ta kafa doka. Sau biyu a yini, da hantsi da bayan la'asar, kowanne bai wuce tafasar ruwan tuwo ba, saboda ido. Wayar tana ƙugunta a ɗaure, Mukhtar ne ke kai ta caji shagon mai sola in zai fita. Kwana huɗu tana riƙe gwiwar, a na biyar ta saki, ta koma bakin ƙofa da tankaɗenta tana kallo. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne sauran yinin. Sai ta leƙo ta tarar da Bushra kwance ƙyam, ido a rufin ɗaki, in ta tambaya sai ta ce koyo take, don gobe babban kifin ya sauko kusa. Yaran maƙwabta suka riƙa zuwa suna zama a bakin ƙofa, ita kuma tana ba su labarin ƙasar ruwa kamar wadda aka haifa a can.

Maganar turke ba ta sake tashi ba. Wata rana ma Iya ta ce a miƙo mata ta ga abin da ya yi wa jikarta dabaibayi. Ta kara a fuska, bakinta yana motsi da tasbihi. Da ta cire, ta goge ido da bakin zani, ta ce, "Ikon Allah. Duk wannan ruwa, ko saniya ɗaya babu mai sha."

Ranar da sati uku suka cika, Sa'adiya ta share tsakar gida tun da safe, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, Mukhtar ya ɗauko Bushra ya ajiye. Malam Shitu ya warware ƙyallen, ya zare tsagin gora ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar ta rame, fatar ta yi fari-fari tana saɓa. Ya bi ƙashin da babban yatsa daga gwiwa zuwa idon sawu, ya koma, ya sake bi. Ya haɗa ƙafafun biyu ya daidaita dugadugan, ya sunkuya yana dubawa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ya kama, kuma a miƙe. Da me kuka ɗaure ta?"

Iya ta nuna kwalin da haɓa.

Ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya dubi Mukhtar ko wasa ake masa. Aka sa waya aka miƙa masa. Ya ture hula baya ya kara. Mutumin da ya shekara talatin yana jan ƙashin mutane ko gezau, sai ga shi ya dafe ƙasa da hannu ɗaya yana cewa, "La'ilaha illallahu. Kai! Kai!" Can, ba tare da ya cire ba, ya ce, "'Yata, a ina ake samunsa? Ina da wani mai karayar cinya a Fammar, ya hana uwarsa sakat."

Sa'adiya ba ta ji shi ba. Bushra ta kama hannun ubanta ta miƙe. Ta ajiye ƙafar dama, ta ɗan tsaya, sannan ta ajiye ta hagu, ta yamutsa fuska, ta ɗora nauyi. Taku ɗaya, biyu, har shida, zuwa gindin rumbu. Sa'adiya ta bi bayansu a sunkuye tana duba rairayin da ta share. Sawu shida ƙanana, na hagu bai kai na dama zurfi ba tukuna, amma duka yatsun gaba suke kallo.