Katin Da Ya Cinye Muryar Yaya

Mutumin da ake kira Ba-Matsala a layin masu sayar da kayan waya ya sace muryar yayata. Bai shiga gidanta ba, bai ɗauki ko tsinke ba, amma sata ya yi, kuma ya san abin da yake yi. Duk mai cewa kuskure ne, ya karanta wannan ya nuna min inda kuskuren yake.

Yaya ce ta goya ni. Bara likita ya gano mugun ciwo a maƙogwaronta, ya ce sai an yi tiyata an cire wurin gaba ɗaya. Za ta rayu in Allah ya yarda, amma ba za ta sake magana ba. Ya sa ranar aiki, kwana goma sha biyu nan gaba. Yaya ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Duk abin da ta sani a bakinta yake: wa ya haifi wa a danginmu, yadda mahaifinmu ya rasa yatsa biyu a injin niƙa, abin da ake yi wa jariri in ya ƙi barci.

'Yarta Auta, wadda take koyarwa a firamare kuma tana da ciki wata shida a lokacin, ta ce za ta ɗauki hoton uwarta mai motsi tana magana, tun da sauran kwana. Wayarta kullum a cike take, ga iyayen yara suna kira ba dare ba rana. Sai mijinta ya tono wata tsohuwar kamara daga ƙasan akwati, ƙarama, daidai tafin hannu. Tana aiki lafiya, katin memori ne kawai babu. Ya buɗe ɗan murfin da ake sa katin, ya nuna mata lambar da aka rubuta a ciki. Talatin da biyu. Ya ce kada ta sayo wanda ya wuce haka.

Layin kayan waya wani dogon lungu ne mai rumfunan kwano, kowane shago bai fi tabarma biyu ba, caja da kwanson waya a rataye kamar shanya. Shagon Ba-Matsala ne na farko in ka shigo, shi ya sa yake tare mutane kafin su ga na ciki. Haka ya tare Auta.

"Malama, sannu da zuwa! Memori? Ai kin zo gidansa."

"Mai giga talatin da biyu nake so. Na wannan kamarar."

Ya waiwaya ya duba allon da yake rataye kaya. Babu. A shagon da ke manne da nasa, na wani da ake kira Gajere, ga su nan jere sun fi goma, in ya miƙa hannu zai taɓa. Amma shekara guda ke nan ba sa ga maciji da Gajere, a kan wani benci da kowannensu ke cewa a gefensa yake. Ba-Matsala ya riga ya rantse a gaban jama'a cewa ba zai taɓa tura masa mai saye ba.

"Talatin da biyu? Haba Malama! Wannan ai na 'yan yaye ne. Ga mai ɗari da ashirin da takwas. Ki ɗauki hoto har ki gaji."

"An rubuta a nan, ka gani. Maigidana ya ce kada ya wuce."

"Masu ƙera kaya ke nan, tsoronsu ya yi yawa. Ke da kanki, randa da kofi, wanne ya fi cin ruwa?"

Ya zura katin. Kamara ta yi ƙara ta ƙi karɓa. Ya cire ya hura, ya mayar. Ta sake ƙi.

"Ba matsala. Baƙunta yake yi, bari in je in saita shi."

A nan Auta ta riƙe hannun rigarsa, ta gaya masa komai. Ta ce mahaifiyarta ce za a yi wa aiki, kwanakin maganarta a ƙirge suke, ba a maimaitawa. Ta ce don Allah in ba zai yi ba, ya faɗa mata ta nema a gaba. Mutumin nan ya dafa ƙirji ya ce, "Uwarki uwata ce, Malama."

Ya zaga baya wurin mai gyara, wanda kowa ke kira Injiniya, don shi ke da kwamfuta. Abin da suka yi a can, daga bakin Injiniya na ji shi daga baya.

"Yi min fomat ɗin wannan, irin wanda tsofaffin kaya ke karantawa."

"Na mene ne?"

Ya nuna masa kamarar. Injiniya ya juya ta, ya buɗe murfin, ya girgiza kai.

"Zan iya sa ta karɓa, amma yaudararta za mu yi. Wannan ƙirgenta ya tsaya a talatin da biyu. In ta kai nan ba ta san akwai gaba ba. Wata takan tsaya, wata takan koma farko ta hau rubutu a kan abin da ta riga ta ɗauka. Ka tura ta wurin Gajere mana."

"Gajeren uwar wa? Kafin ta cika talatin da biyu an shekara. Danna kawai."

Injiniya ya danna. Shi ma ban wanke shi ba. Ya san gaskiya, ya faɗe ta sau ɗaya a hankali, sannan ya sa hannu aka yi ƙaryar da shi, alhali matar tana tsaye taku goma daga inda yake.

Kamara ta karɓi kati, 'yar jar fitila ta kawo. Auta ta yi godiya har da addu'a, ta tafi.

A ɗakin Yaya aka yi aikin. Aka ɗora kamarar a kan keken ɗinki, aka tokare ta da littattafan makaranta guda uku, Yaya na zaune bakin gado kusa da taga, da kofin ruwan ɗumi a gefenta. Ranar farko Auta ta kunna mata abin da aka ɗauka don ta gani. Yaya ta rufe fuska da mayafi.

"Kashe, kashe! Ashe haka muryata take, kamar tsohuwar ƙofa? Kuma kuka bar ni shekara da shekaru ina ta zuba?"

Muka yi dariya. Sai ta ce, "Auta, ki yi min alkawari. Kada ki sake kunna shi sai bayan an yi aikin. Yanzu ga ni a gabanki, me za ki kalla a akwati? Ki ajiye na ranar da babu."

Auta ta yi alkawari, ta kuma cika. Wasu sun ce nan ta yi sake. Ni ina ganin 'yar da ta bi maganar uwarta mara lafiya ba ita ce abin tuhuma ba. Ta gwada, ta ga yana yi. Fitila tana kawowa kullum. Me kuma ake so ta yi?

Kwana goma sha ɗaya Yaya tana magana, awa biyu, awa uku a yini, tana haɗiye ruwa da ƙyar tana ci gaba. In na tashi daga wurin aikina na kafinta da la'asar nakan biya in zauna a bakin ƙofa.

"Kai ƙaramin, matso ka ji yadda ka yi fitsari a bayan Baba ranar da ya sa sabuwar riga."

"Yaya, wannan ma sai an ɗauka?"

"Shi za a fara ɗauka. Jikokinka su san ko wane ne kai kafin ka fara yi musu wa'azi."

Ta lissafa dangi tun daga kakan kakanmu. Ta faɗi waɗanda suka yi mana alheri lokacin da Baba ya rasa aiki, ta ce kada a manta da 'ya'yansu. Ranar ƙarshe ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunan da take tsokanar kowa da shi, ta yi masa magana shi kaɗai. Sannan ta sa Auta ta zauna kusa da ita, ta ɗora hannu a kan cikinta, ta yi wa wanda ke ciki magana ta kusan rabin awa. Ni fita na yi a lokacin, ban ji me ta ce ba. Na ce ai yana nan a ajiye.

Aka yi tiyata, Allah ya ba da sa'a. Bayan sati biyu aka sallamo ta, da farin ƙyalle a wuya, ba ta iya fitar da ko tari mai sauti. Washegari da hantsi Auta ta tara mu a ɗakin, ta kunna kamara. Sunayen hotunan suna nan jere. Ta danna na farko, allo ya yi baƙi. Na biyu, baƙi. Ta bi su har ƙasa. Yaya tana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga gira, tana tambaya da ido.

Ni na ɗauki kamarar na kai layin, na tambayi wanda ya fi kowa iya gyara, aka nuna min Injiniya. Yana buɗe murfin ya ga katin, sai ya cire tabarau ya ajiye.

"Baba, matar nan mai ciki, 'yarka ce?"

"'Yar yayata ce. Ka san ta?"

Bai ɓoye ba, wannan na ba shi. Ya gaya min duk yadda aka yi. Ya ce kamarar ta cika ƙirgenta tun wajen kwana na huɗu, ta koma farko, ta yi ta taka abin da ta ɗauka, har da wurin da take ajiye bayanin inda kowane hoto yake. Yini biyu ya yi a kan kwamfuta yana tsince-tsince. Abin da ya fito minti tara ne, gutsi-gutsi. Yaya tana gyara ɗankwali. Yaya tana cewa, "Ta kama? Fitilar ta kawo?" Yaya tana cewa a rufe taga, ƙarar janareton maƙwabta ta yi yawa. Sai wani guntu inda ta ce, "Shi kuwa kakanku, ranar da ya," allo ya tsage. Na jikokin babu ko ɗaya. Na cikin Auta babu.

Na zagayo gaban shagon Ba-Matsala, na ajiye katin a kan teburinsa.

"Ka gane wannan?"

"Baba, sannu. Wani abu ya samu? Ai kayan lantarki sai Allah. Ba matsala, in canza muku wani."

"Ka canza min me?"

"Katin mana. Sabo dal, a leda."

"Mai cikin nan ta gaya maka ko na mene ne?"

"Baba, mutum nawa ke zuwa nan a rana? Kowa da labarinsa."

Gajere ya leƙo daga nasa shagon ya ce, "Ni na ji ta. Har ƙirji ka dafa." Shi ma na kalle shi. Ya ji, yana da abin da take nema a rataye bisa kansa, ya yi shiru don kada a ce ya kula abokin gabarsa. Mutum uku a lungu ɗaya, kowa ya san abin da ke faruwa, aka bar mace mai ciki ta tafi da godiya a bakinta.

Ban ɗaga hannu ba, ko da yake na so. Na kai ƙara wurin shugaban ƙungiyar layin, aka sa zama ranar da ta biyo baya da ƙarfe goma, a wani ɗan ofis bayan shagunan, mai benci uku da fanka ɗaya. Da za mu fito daga gida, sai ga Yaya a bakin ƙofa, ta sa mayafi da takalmi. Auta ta ce, "Inna, ki zauna, rana ta yi zafi." Ta girgiza kai, ta riga mu fita.

Injiniya ya ba da shaida. Gajere ya ba da tasa. Ba-Matsala ya ce shi taimako ya yi niyya, babba ya ba da a maimakon ƙarami, wane ɗan kasuwa ne ke haka? Ya ce kamarar ce tsohuwa. Ya ce ita ma Malama da ta riƙa dubawa. Sai shugaba ya ce Injiniya ya kunna abin da aka tsinto.

Muryar Yaya ta cika ofishin. "Ta kama? Fitilar ta kawo?" Ga mai muryar zaune a benci, hannu a cinya, tana kallon bakinta yana motsi a allo. Aka bari har minti taran ya ƙare.

Sai a lokacin Ba-Matsala ya sauko daga benci ya durƙusa a gabanta.

"Mama, ki yafe min. Don Allah ki ce kin yafe."

Yaya ta dube shi. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito ta ƙarƙashin ƙyallen. Ta rufe. Ya sake cewa, "Mama, ko kalma ɗaya." Auta ta tashi ta fita waje. Shugaba ya ce masa, "Tashi. Kana roƙon abin da kai ka san babu."

An rufe shagon Injiniya na sati biyu. An ja wa Gajere kunne a gaban kowa. Shi kuwa Ba-Matsala an cire shi daga ƙungiya a ranar, an karɓe shagon, an sauke allonsa kafin azahar, an kuma hana duk wani ɗan layin ba shi kaya ko wurin zama. Shekara goma sha huɗu ya yi a wurin. Bai sake sayar da ko caja a layin ba.