Kilabiyen da Manzo Ya Ƙi

Tun shagon buga takardu na Alhaji Tahiru yana 'yar rumfa a bakin kasuwar Filinge, kujerar gaban na'ura ta Manzo ce. Bara sai ga Saminu, wanda ya koyo aiki a Sakkwato. Shi ke nan bakin Alhaji ya huta da sunan kowa, Saminu kaza, Saminu kaza. Manzo yana murmushi, amma kishi na cin sa.

Ranar da Alhaji ya kawo sabuwar kwamfuta daga Yamai abin ya kai maƙura. Ba ta da kilabiye, wato allon haruffa na kan tebur, haruffan a jikin gilashi suke fitowa a dangwala da yatsa, kuma jerinsu iri-iri ne, sai an zaɓa. Wa aka kira ya zaɓa? Saminu! Manzo yana tsaye gefe kamar buhun gero.

Saminu ya nuna ɗaya ya ce, "Alhaji, wanga ya hi dacewa da mu."

Manzo ko kallon gilashin bai yi ba. "Bai yi ba. A sa wancan gudan."

"Yaya Manzo, ka dai duba..."

"Mi ni ka dubawa? Ina buga takarda tun kana goye!"

Alhaji ba ya ƙaryata babba a gaban ƙarami, don haka aka sa na Manzo. Ranar har tafiyar Manzo ta sake.

Ran kasuwa mutanen ƙauyuka suka yi layi da takardunsu. Manzo ya kai yatsa inda A take kullum, sai Q ta fito. M ma ta ƙaura. Ashe jerin Ingilishi ya zaɓa. Wanda Saminu ya nuna na Faransanci ne, wanda yatsun Manzo suka tsufa a kai.

Layi ya soma tsaki. Alhaji ya sunkuyo ya ce, "Ko a maida na Saminu?"

Na Saminu. Da a ce haka gara ya mutu.

"A bar shi," in ji Manzo.

Dole ya tashi. Saminu ya zauna, yatsunsa suna gudu, don da wannan jerin ya koya.

Alhaji ya dafa kafaɗar Manzo da fara'a. "Ashe ƙanenka kaz zaɓa ma! Allah shi yi ma albarka. Tahi wajen hotokofi ka huta."

Manzo ya ce, "Amin."