Rufin da Salifou Ya Sauke

Yayanmu Salifou injiniya ne a wani kamfanin motoci a Paris, kuma duk Vaulx-en-Velin, garin da muke zaune, babu wanda Inna ba ta gaya wa ba. Har mai sayar da kuɓewa a kasuwar La Guillotière ya sani.

Ƙirar kamfaninsu ta 2004 ce ƙanenmu Nouhou ke taksi da ita. Mummuna ce kamar akwatin ƙarfe, amma rufinta dogo ne. Duk da ciwon baya, Inna takan dafa ƙofa ta shiga da kanta, ɗaurin kallabinta ko motsi bai yi. Ran Asabar a cikinta take zuwa kasuwa da gaishe-gaishe, kuma fitar da ta rage mata ke nan.

A 2011 aka sabunta ƙirar. Manya suka ce a sauke rufin baya, iska ta riƙa zamewa, mota ta rage shan mai. Wa aka ba zanen? Salifou. Ya kira ni rai a ɓace.

"Rékia, na yi magana a réunion, taron ofis, har na gaji. Wai ba tsofaffi ke saye ba. Kada ki bar Nouhou ya canza mota."

Ni wa? Tsohuwar motar ta gaji, kuma Inna da kanta ta tasa Nouhou gaba. "Ɗana ya zana mota, in hau ta wasu?" Salifou kuwa ya kasa buɗe baki ya gaya mata gaskiya. Aka ba da tsohuwa, aka ɗauko sabuwa.

Ranar hawan farko ya zo daga Paris. Maƙwabta suka fito kallo. Inna ta ci ado, ta dafa ƙofa, ta sunkuya, baya ya ƙi. Ta sake gwadawa, bakin rufin ya tuɓe mata kallabi, furfura a waje gaban mazan unguwa. Sai da Salifou da Nouhou suka cicciɓe ta suka sa ciki. Na tsinci kallabin ina jin kamar in fashe da kuka.

Muka kama hanya. Can Inna ta ɗaga hannu ta shafa rufin.

"Aikinka ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Ni ce na tsufa."

Da wata Asabar ta zagayo, Nouhou ya tsaya da mota a ƙofar gida. Inna ta miƙo mini kwandon kasuwa, ta ce in gaishe mata da kowa.