Kaset ɗin Talle Mai Ganga

Japhet ya kai shekara sittin da huɗu bai taɓa taka harabar jami'a ba. Yana cikin ɗaure damin gero a gonarsa ta gabashin Zakirai sai 'yarsa Keziah, wadda ke karatu a jami'a, ta kira shi a waya.

"Baba, wai kakanmu shi ne Talle mai ganga?"

"Shi ne. Wa ya gaya miki?"

"Na ga sunansa a laburarenmu. Akwai muryarsa a kaset."

Japhet ya ajiye damin da ke hannunsa.

Talle makaɗin gangar noma ne. Duk gayyar da za a yi daga nan har wajen Minjibir, in ba ya wurin, samari ba sa zuciya. Ɗansa namiji guda ne, Yaro, kuma shi ya so ya gaje shi. Amma Yaro ya shiga coci yana da shekara ashirin, aka yi masa baftisma ya zama Japhet, ya ce ganga kayan tsafi ce, hannunsa ba zai ƙara taɓa ta ba. Fasto ma bai ce masa haka ba, shi ya yanke wa kansa. Uban bai yi faɗa ba. Bayan damina uku ya rasu, gangar ta yi ta zama a rataye a zaure har gara ta cinye ta.

Ranar Talata Japhet ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau mota zuwa Kano, daga can ya sake wata. Keziah ta tarye shi a bakin get. Suka bi ta tsakanin tsofaffin azuzuwa masu jan kwano da manyan bishiyoyin maɗaci, har suka iso gaban wani gini mai hawa huɗu, kankare zalla, ba shafe ba fenti. Har shaidar katakon da aka zuba simintin a ciki tana nan a jikin bango. Tagogin sun nutse can ciki, rana ba ta isa gare su.

"Ba su gama ginin ba ne?"

"An gama tun ba a haife ni ba, Baba. Haka aka so shi."

Ciki sanyi kamar gindin randa. Ɗalibai sun duƙufa a kan tebura, ba mai ko tari. Takalminsa na ƙara a kan daɓe, har ya sunkuya zai cire, Keziah ta riƙe masa hannu.

A hawa na uku suka sami mai kula da tsofaffin kaset, Malam Muntaka, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya gaishe shi da hannu biyu, ya ce sun juye kaset ɗin a kwamfuta don kada ya lalace. Ya zaunar da shi, ya sa masa abin sauraro a kunne.

Da farko sai shuuu. Sannan zakara ya yi cara, aka ji daka a turmi. Japhet ya gane dakan, na Inna ne, ita ce ke tafa hannu tsakanin taɓarya da taɓarya. Sai ganga ta tashi, muryar Talle ta biyo ta, yana wasa manoma ɗaya bayan ɗaya: Sha'aban na bakin rafi, Nababa mai garma biyu. Japhet ya dafe gefen tebur. Ya manta ashe muryar ubansa siririya ce.

Ya tuna ranar. Wani malami ne ya zo a kan babur da rikoda, ya zauna a tabarma a tsakar gida. A cikin kaset ɗin aka ji malamin yana tambaya, "To Baba, wa zai gaje ka?"

"Akwai ɗana," in ji Talle. "Hannunsa ya fi nawa. Ga shi can bayan danga, yana jin mu." Sai ya ɗaga murya: "Yaro! Zo ka karɓa mini amshi, ko sau ɗaya, malam ya ji."

Kaset ya ci gaba da tafiya, ba wanda ya amsa. Dakan ma ya tsaya. Japhet ya zauna yana sauraren shirun nan, ya san tsawonsa, domin shi ne a bayan dangar da fartanya a kafaɗa, yana kallon ƙasa. Can sai Talle ya yi 'yar dariya ya ce, "Bari, malam, na yi maka ni kaɗai." Ya rera waƙar, ya kuma amsa wa kansa, numfashinsa na yankewa.

Japhet ya cire abin daga kunne. Keziah ta ga fuskarsa, ta kawar da kai wajen taga.

"Baba, lafiya?" in ji Malam Muntaka.

"Ni ne ya kira."

Malam Muntaka ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Da aka jima ya ɗauko wata takarda da ta yi ja don tsufa, inda malamin nan mai rikoda ya rubuta waƙar. A wajen amshin akwai gurabe da yawa da aka bari, domin muryar tsohon ba ta fita sosai.

"Ko za ka iya cike mana, Baba? Shekaru muna neman wanda ya sani."

Japhet ya rufe ido. Yatsunsa suka fara bugun gwiwarsa da kansu, kiɗan yana nan bai je ko'ina ba. Kalmomin ne suka ƙi zuwa. Ya kawo baiti biyu, ya kama na uku ya kuɓuce masa. Aka maimaita masa wurin har sau huɗu.

"A da na san shi duka," ya ce. "Tun ina goye nake jin sa."

Malam Muntaka ya rubuta biyun da aka samu, ya tambayi sunan da zai sa a ƙasa, ya rubuta da kwanan wata. Sauran guraben ya bar su yadda suke.

Suka sauko a hankali, Japhet na dafa bango. Keziah ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce a'a, gero na can a zube a gona kuma hadari bai gama janyewa ba. Ta raka shi tasha. Sai da ya zauna a mota ya leƙo ta taga ya ce in ta zo hutu ta zo da takarda da biro, akwai tsofaffi biyu a Zakirai da suka yi noma a gaban gangar nan, in Allah ya sa an same su da rai.