Garin Kafso a Ƙafar Mama

Ƙafar Mama ta kumbura har ko zane ba ta son ya taɓa ta. Babbar 'yarta, mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ta tsaya a bakin gado tana kallon farin garin da ya bushe a kan gyambon. Ta san aikin Auta ne, ƙanenta tela, wanda ke zaune da tsohuwar.

"Kai ne ke fasa kafso kana barbaɗa mata?"

"Ni ne. Sai me?" Ko ɗagowa bai yi daga keken ɗinkinsa ba. "Ciwo a ƙafa yake, me zai kai magani ciki?"

"Likita cewa ya yi ta haɗiya, sau uku a rana, kwana bakwai."

"Ta yi kwana biyu zazzaɓi ya sauka, sauran na yi dabara. Ke da sai wata-wata ake ganinki, Yaya, ke za ki koya mini jinya?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta zaro waya ta kai masa hoto har hanci. Farantin gwaji ne da aka shuka ƙwayoyin cutar ƙafar Mama a ciki, sun rufe shi ruf. A kai an ɗora 'yan takardu biyar, kowace da maganinta.

"Kowace ƙwayar cuta tana da bangon da ke riƙe ta. Maganin nan bangon yake fasawa ta mutu, amma sai ya bi jini yana dukansu har kwanakin su cika. Kai ka kashe raunanan, ka bar masu taurin kai suka hayayyafa. Ga naka nan, sun yi gida a kansa."

Keken ya tsaya. A hoton, takardu huɗu sun nutse cikin ƙwayoyin. Ɗaya ce kawai ke da fili fes kewaye da ita.

"Wannan fa?"

"Allura ce, sai an kwantar da ita. Ita kaɗai ta rage tsakanin ƙafar nan da wuƙar likita."

"Ku yi faɗanku a waje," in ji Mama, murya can ƙasa.

Auta ya ɗauko gwangwanin kafson ya cilla wa yayarsa a ƙirji. Ya durƙusa ya goya Mama a hankali.

"Buɗe ƙofa, malamar faranti. Kuma ke za ki zauna da ita a can, mu ga ko kin iya canja mata zane."